Baba Saura-Ƙiris Ya Auna Hannunsa

Idan ka kai wa Baba Saura-Ƙiris aikin kujera, to ka tanadi tabarma, domin za ka daɗe kana zaman ƙasa. Ba maƙaryaci ba ne, ba kuma malalaci ba. Kafinta ne na gaske, wanda in ya haɗa maka tebur jikokinka ma sai sun ci abinci a kansa. Matsalarsa ɗaya ce: aiki ba ya ƙarewa a wurinsa. Ka je ka tarar da kujerarka tsaye da ƙafafunta huɗu, ka miƙa hannu za ka ɗauka, sai ya dafe ta. Ya rufe ido, ya shafa tafinsa a kan katakon tun daga sama har ƙasa, a hankali, baki a ɗan buɗe. Can sai ya buɗe ido ya ce, "A'a, akwai ɗan tudu a nan. Ka dawo jibi, saura ƙiris."

Da haka sunan ya bi shi, har yaran layin ba su san yana da wani ba.

Shagonsa na ƙarshen layin masu sana'a, bango ɗaya da na Mai Walda. Ɗaki ne dogo mai taga ɗaya, da fanka a sama wadda ta daina juyawa tun ba a san ranar ba, garin katako kuwa har a cikin kofin shayi. A ciki suke aiki su biyu shi da Mai Kushin shekara da shekaru: Baba ya haɗa ƙashin kujera, Mai Kushin ya sa mata soso ya lulluɓe da yadi. Kullum akwai fensir a bayan kunnen Baba, da tef na ƙarfe a ƙugunsa. Wannan tef ɗin ya ga duniya! Ya auna ƙofofi, ya auna kifin da matarsa ta sayo, ya taɓa auna gashin bakin Mai Walda yana barcin rana, ya kuma tashe shi don ya gaya masa ɓangaren hagu ya fi tsawo.

Matar tasa Gwamnati yake ce mata, saboda a gidan in ta yanke magana ba a ɗaukaka ƙara. Ita kuma ta karɓi sunan hannu bibbiyu. 'Yarsu ɗaya tal, wadda suka samu bayan dogon jira, kowa na kiranta 'Yar Baba.

To, akwai wani abu da mutane ba su sani ba game da shi. Ranar da aka haifi 'Yar Baba, da aka miƙo masa ita a cikin tawul, sai ya dubi hannayensa. Kaushi ne da tsaga da tabon guduma, tafin kamar sanfefar goge katako. Ya dubi fatar jaririya, ya mai da hannayensa baya ya ce, "Bari dai ta yi ƙwari." Bai ɗauke ta ba sai da ta fara zama. Ya kuma fara yi mata ɗan gado tun tana ciki, amma kullum saura ƙiris, har yarinya ta yi rarrafe, ta shiga makaranta, ta yi aure, gadon yana rataye a rufin shago yana shan ƙura. Wannan abu ya daɗe yana cin ransa, ko da yake in an tayar da zancen dariya yake yi.

Saboda haka da Gwamnati ta gaya masa 'Yar Baba na da ciki, washegari ya hau benci ya sauko da gadon. Ya kuma ɗaukar wa kansa alkawari cewa wannan jikan zai ɗauke shi tun yana ɗanye sharaf, ba sai ya yi ƙwari ba. Daga nan man shafawar Gwamnati ya fara raguwa ba dalili. Kullum da safe sai ya lakato ya murza a tafinsa, ya shiga shago yana ƙamshi.

"Kai, Saura-Ƙiris!" in ji Mai Walda, yana ɗaga gilashin fuskarsa. "Wannan ƙamshin fa? Ko Gwamnati za a yi wa juyin mulki?"

"Rufa mini asiri. Hannu nake gyarawa."

"Wannan hannun? Ai sai dai a kawo shi nan in sa masa injin gurza."

Ana cikin haka Mai Kushin ya fara tari. Kowa ya ce ƙurar soso ce. Tari ya ƙi tafiya, mutum ya fara ramewa, wando na zame masa. Da ƙyar 'ya'yansa suka ja shi asibiti, aka duba aka ce tarin fuka ne. Aka ɗora shi a kan magani, aka ce ya huta a gida. Sai ga saƙo daga asibitin cewa duk wanda ke yini da shi a ɗaki ɗaya ya je a yi masa gwaji. Baba ya tafi, Mai Walda ma ya bi shi, don rabin yininsa a kan bencin shagon Baba yake yi yana surutu.

Wadda ta yi musu gwajin wata nas ce gajeriya mai fara'a, kowa na ce mata Sista. Ta kama hannun Baba na hagu, ta juya cikinsa sama, ta goge tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ta sa wata 'yar siririyar allura a saman fata kawai, wurin ya ɗan tasa kamar cizon sauro.

"Shi ke nan, Baba. Kar ka sosa, kar ka shafa masa komai, kar ka rufe da filasta. Ka dawo jibi ko gata, kar ya wuce gata, in ba haka ba sai mun sake. Ni zan karanta maka."

"Karantawa kuma? Rubutu zai fito?"

Ta yi dariya. "Aunawa zan yi."

Da ma ba ta faɗi wannan kalmar ba! Kunnen Baba ya miƙe. Suna fita kuma Mai Walda, wanda ba ya rasa labari, ya ƙara masa gishiri. Wai ya ji wani a kan layin jira yana cewa in wurin ya wuce milimita goma, to mutum ya kamu. Baba ya gyaɗa kai ya shafa tef ɗinsa. Milimita ai harshensa ne. A ransa ya ce me zai sa ya jira yarinyar da aka haifa bayan ya fara awo.

Washegari da safe wurin ya yi ja, yana ƙaiƙayi. Baba ya zauna a bakin shago inda haske yake, ya zaro tef. Goma sha takwas. Ya ce wataƙila hasken ne, ya juya ya sake aunawa, goma sha takwas dai. Ya zaro fensir ya zagaye jan, kamar yadda yake yi wa katako kafin ya sa zarto. Ƙaiƙayi ya dame shi, ya ɗan sosa da gefen tef, wai ai ba da farce ba ne. Da rana jan ya tsallake layin fensir. Ya sake zagayewa. Sai ya tuna da man zafin da yake shafa wa bayansa, ya ce bari ya kashe abin tun yana ƙarami. Kafin la'asar hannu ya yi jajur, awo ya haura talatin. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, har kusurwa zuwa kusurwa ya auna don kar a ce ya yi ha'inci.

Ya kira Mai Walda ya ce ya miƙo nasa hannun. Babu komai sai tabon tartsatsin wuta.

"Kai ka tsira," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "Ni kam tawa ta same ni."

Mai Walda ya leƙa hannun, dariyar da ya shirya ta maƙale. "To ka bari Sista ta gani mana."

"Me za ta gani wanda tef bai gani ba?"

Bai rufe baki ba wayarsa ta yi ƙara. Gwamnati ce, muryarta har Mai Walda na ji. 'Yar Baba ta sauka lafiya, namiji! Kuma tun da mijinta direban babbar mota ne yana kan hanya, gobe in an sallame su gidan iyayenta za a kawo ta. Baba ya ce alhamdulillahi har sau uku, yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Mai Walda ya rungume shi. Sai idon Baba ya sauka a kan hannunsa, ya janye jiki da sauri ya koma can ƙarshen benci ya zauna.

Baba ya san tarin fuka tun kafin ya san sunansa. Yana ɗan yaro mahaifiyarsa ta kamu da shi, a lokacin da magani ya yi musu nisa. Aka ware mata kwano da kofi, aka mai da ita ɗakin baya. Yakan tsaya a bakin ƙofa yana leƙe, ita kuma ta ɗaga masa hannu daga kan tabarma ta ce, "Tsaya nan, ɗana, ina ganinka." Ranar da ya ruga zai faɗa jikinta, da kanta ta yi masa tsawa, kuma ya ga tana kuka bayan ta yi. Ba ta sake ɗaukarsa ba har ta rasu. Abin da ya sani game da wannan ciwo ke nan: wanda kake so, nisa kake yi da shi.

Don haka da ya je gida bai shiga ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce Gwamnati ta miƙo masa kofinsa da bargo, a shago zai kwana.

Ta fito riƙe da ƙugu. "Malam, lafiya? Yau da aka yi maka jika?"

Ya nuna mata hannun daga nesa, ya karanto mata lambobin.

"Wa ya auna?"

"Ni."

"Kai ne likitan?"

"Awo dai awo ne, Gwamnati."

"Tari kake yi? Ni da nake kwana kusa da kai, ban da minshari ban ji komai ba. Jiya ma sai da ka nemi ƙari a abinci."

Amma a karon farko tun aurensu, umarnin Gwamnati bai yi aiki ba. Ya karɓi bargonsa ya juya. Ta bi bayansa da kallo, ta rasa ko ta yi masa faɗa ko ta tausaya masa, sai ta yi duka biyun.

Kashegari, ranar da ya kamata ya koma asibiti, aka kawo mai jego da jariri. Baba ya zo, ya ɗaura takunkumin da yake sawa in yana goge katako, ya zagaya ta bayan ɗakin ya tsaya a jikin taga. Gilashin a rufe yake. Ya kafa goshi yana kallo. Ga shi nan a cinyar uwarsa, ɗan mitsitsi, ya dunƙule hannu ɗaya kusa da kunne.

'Yar Baba ta ɗago ta gan shi. "Baba! Me kake yi a nan? Shigo mana ka ga abokinka."

"Fenti ne a jikina, 'yata. Zai shaƙe shi."

"Ba wani fenti," in ji Gwamnati daga ciki. "Babanki ya buɗe asibiti a shago, ya gwada kansa, ya kwantar da kansa."

Da aka yi wa 'Yar Baba bayani sai idonta ya cika. Ta tashi a hankali, ta kawo jaririn daf da gilashi. Baba ya ɗora tafinsa a kan gilashin, tafin da ya sha mai wata da watanni har ya fara laushi. Ya daɗe a haka. Wallahi abin tausayi ne, ko da yake in ka ga tsoho da takunkumin kafinta manne da taga kamar mai gyaran labule, sai ka danne dariya.

Daga nan shago ya koma, bai bi ta asibiti ba. Ya jawo ɗan gadon nan ya hau aiki kamar ana korarsa. Ya goge kowane sanda, ya zagaye kowace kusurwa don kar ta karci yaro, ya ɗaure ƙafafu. Da yamma ya rufe ido ya shafa shi daga kai har ƙafa. Akwai wani ɗan wuri a gefe da yatsansa ya ɗan tsaya. A da, wannan kaɗai ya isa ya riƙe aiki mako guda. Ya buɗe ido ya ƙwala wa Mai Walda kira.

"Ɗauki ka kai musu. Ya ƙare."

Mai Walda ya tsaya sororo. "Me ka ce?"

"Na ce ya ƙare."

"Inna lillahi! Yanzu na yarda ba ka da lafiya." Ya ɗora gadon a ka, ya kai, ya kuma tsegunta wa Gwamnati abin da ya ji da kunnensa.

Gari na wayewa sai ga ta a ƙofar shago, da mayafi da jaka, ta tsai da mai adaidaita. Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce yau ce ranar ƙarshe da Sista ta ba shi, in ya ga dama ya shiga da ƙafarsa, in bai ga dama ba Mai Walda na nan. Baba ya shiga.

Da Sista ta naɗe masa hannun riga sai ta ƙura wa wurin ido. Zagaye ne na fensir ɗaya bayan ɗaya, ƙarami cikin babba, ga warin man zafi.

"Baba, wane ne ya yi wannan zanen?"

"Arba'in da ɗaya ne yau da safe," in ji shi, yana kallon bango. "Na sauƙaƙa miki aiki, 'yata. Ki faɗa mini kawai, ni ba yaro ba ne."

"Ka sosa?"

"Da tef ne."

"Ka shafa mai?"

Gwamnati ce ta amsa. "Har da ƙari."

Sista ta cije leɓe don kar ta yi dariya. Ta sa auduga ta goge fensirin tas. Baba na jira ta ɗauko abin awo, sai ya ga ta ajiye komai. Ta riƙe hannunsa, ta rufe ido, ta ɗora kan yatsanta can gefe inda fata take lafiya, ta fara jawo shi a hankali zuwa tsakiya. Ta wuce ta cikin jan nan duka ba ta tsaya ba. Sai daf da inda allura ta shiga yatsan ya tsaya. Ta koma ɗaya gefen ta yi haka nan.

Baba ya saki baki yana kallonta. Wannan ai aikinsa ne! Haka yake yi wa katako kullum, shi da ya sha gaya wa masu kawo aiki cewa launi ba ya nuna tudu, sai an shafa. Amma da abin ya zo kan fatarsa, ido ya bi.

"Ba ja muke aunawa ba, Baba," in ji Sista da ta buɗe ido. "Ja kowa na iya yi, balle wanda ya sosa ya kuma zuba man zafi. Tauri muke nema, ɗan kumburin da ke ƙarƙashin fata. Kawo yatsanka ka ji."

Ya rufe ido ya shafa. Ga shi kuwa, ɗan tudu mai tauri, da iyakarsa sarai. Sista ta ɗauki biro ta ja layi daga gefe har ya ci karo da tudun, ta yi haka a ɗaya gefen, sannan ta ɗora 'yar rula a kwance, ta faɗin hannu.

"Goma sha biyu."

"Sha biyu kacal!" Baba ya juya ga matarsa fuska a washe. Sai lissafin ya iso masa, murmushin ya gushe. "Amma ai sha biyu ta fi goma."

"Ta fi. Kuma goman ma ba ta kowa ba ce. Wanda ya zauna da mai ciwon, ko wanda jikinsa ba ƙarfi, ko bai kai haka ba muna ɗaukarsa da muhimmanci. Naka ya nuna, ba zan ɓoye maka ba."

Gwamnati ta matso ta dafa kafaɗarsa, bai hana ta ba.

"To saurara, kar ka sake yanke wa kanka hukunci," in ji Sista. "Abin da wannan gwajin ya ce shi ne jikinka ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ya gane ta. Bai ce kana da ciwon ba. Mutane da yawa tana jikinsu tana barci, ba sa tari, ba sa sa wa kowa. Wani ma allurar rigakafin da aka yi masa yana yaro ce ke ɗan tayar da wurin. Sai mun duba ƙirji za mu sani. Kana tari?"

"Ba ya yi," in ji Gwamnati.

"Zazzaɓi? Gumi cikin barci?"

"Babu."

"Ya rame?"

"Dubi cikinsa, 'yar nan."

"Mama, ki bar shi ya amsa ko ɗaya mana."

Aka tura shi hoton ƙirji. Suka zauna a bencin jira, wani benci mai girgiɗi da ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, amma yau Baba ko kula bai yi ba. Ya ƙura wa tafinsa ido. Gwamnati ta buɗe jaka ta ciro kwalbar man nan tata, ta ajiye masa a cinya ba tare da ta dube shi ba.

"Ka ɗauka ban san inda yake tafiya ba?"

Da aka kira su, likita ya ɗora hoton a jikin fitila, Sista na tsaye a gefe. Baba bai taɓa ganin haƙarƙarinsa ba. Duk da tsoron da ke cikinsa sai da ya lura jerin ya yi kyau, tazara daidai. Likita ya duba sama da ƙasa, ya sa abin sauraro a bayansa ya ce ya ja numfashi, ya sake yi masa tambayoyin nan, wannan karon shi ya amsa da bakinsa. Sannan ya ce ƙirji fes yake. Ƙwayar barci take yi. Za a ba shi magani na 'yan watanni don kar wata rana ta farka, kuma dole ya shanye shi har ƙarshe, ba a ajiyewa don an ji garau.

"Wannan ku bar mini," in ji Gwamnati.

Baba ya gyara murya. "Akwai jariri a gidan. Jikana ne. Shekaranjiya aka haife shi."

"Nisan da ka yi kafin a duba ka ba laifi ba ne," in ji Sista. "Amma yanzu an duba."

"Wato zan iya... in ɗauke shi?"

"Yau ma. Ka wanke man zafin nan tukuna."

Ya sunkuyar da kai. Mahaifiyarsa ce ta faɗo masa, tana ɗaga hannu daga kan tabarma. Ya tambayi Sista, Mai Kushin fa? Ta ce wanda ya riƙe maganinsa yakan daina yaɗawa bayan ɗan lokaci, ya kuma warke sarai, kuma gaisuwar abokai na cikin abin da yake buƙata. Baba ya ce gobe zai je. A bakin ƙofa suka haɗu da Mai Walda yana tafe yana taƙama, nasa bai nuna komai ba, amma an ce ya dawo bayan wata biyu a sake, domin wani lokaci jiki kan yi jinkirin nunawa.

"Ka ji ko? Kai ma awon da na yi maka bai ƙare ba," in ji Baba.

"Ka sake matso ni da tef ɗin nan ka gani, sai na narkar da shi."

A gida ya wanke hannu har gwiwa, ya sake wankewa, ya canza riga. Ya tsaya a ƙofar ɗakin yana sallama kamar baƙo. Ɗan gadon na nan kusa da taga, an shimfiɗa masa farin zane, bayan shekarun da ya yi yana jira a rufin shago. 'Yar Baba ta ɗago jaririn daga ciki ta nufo shi. Hannayensa suka fara komawa baya da kansu, tsohuwar al'adarsu. Gwamnati da ke tsaye a bayansa ta kamo su ta turo gaba.

Aka ɗora masa shi. Ashe haka suke, ba nauyi ko kaɗan, sai ɗumi! Baba ya zauna a bakin katifa a hankali. Yaron ya yi miƙa, ya murguɗa baki, ya ci gaba da barcinsa, bai damu da kaushin kowa ba.

Can Baba ya rufe ido. Ya ɗora tafinsa a goshin jaririn ya shafa zuwa sama, a hankali, baki a ɗan buɗe. A tsakiyar kai yatsansa ya tsaya. Wurin taushi ne, babu ƙashi, yana ɗan bugawa a ƙarƙashin fata. Ya buɗe ido a firgice.

"Gwamnati! Zo ki ji. Nan wurin bai haɗe ba!"

Gwamnati ta fashe da dariya har da riƙe ƙofa. "Maɗiga ce, Malam. Kowane jariri da ita yake zuwa. Da ka ɗauki taka 'yar da ka sani."

"Zai haɗe?"

'Yar Baba ta zauna kusa da shi, ta kwantar da kai a kafaɗarsa, tana dariya tana share ido.

"Zai haɗe, Baba. Jikanka ne ai. Saura ƙiris."

Baba ya sake rufe ido, ya mai da tafinsa wurin, ya bar shi a nan.